Yadda Ake Farautar Dinya a Gonar da Ruwa Ya Kwanta da Kuma Busasshiyar Gona

Dinyar da ake magana a nan ita ce ta Amurka da Kanada, wadda ke barin arewa mai ƙanƙara idan kaka ta yi, ta gangaro kudu tana yada zango a gonakin da aka girbe. Iri uku aka fi nema. Akwai dinyar Kanada mai baƙin wuya da farin kunci, babbarta kan kai kilo 5 zuwa 6. Akwai mai farin goshi da dabbaren baƙi a ciki, ba ta cika wuce kilo 3 ba, ita ce ta cika gonakin shinkafar jihohin Arkansas da Louisiana a kudancin Amurka. Sai farar dinya mai baƙi a bakin fiffike, wadda ke tafiya dubbai-dubbai. Wanda ya san dinyar fadamar Haɗeja da Nguru ya riga ya san rabin halinsu: kaifin ido, rashin yarda, da mai gadi guda da ba ya sunkuyar da kai yayin da saura ke kiwo.

Abin da ke kai dinya tudu daban ne da abin da ke kai ta ruwa. Busasshiyar gona yunwa ce ke kai ta, tana zuwa da sassafe, kuma tana neman daidai inda ta bar ci jiya. Gonar da ruwa ya kwanta kuwa wurin sha ne da hutawa da ɗan tsince-tsince, takan zo bayan hantsi, ta daɗe tana kewayawa kafin ta sauka. Yawancin kuskuren sabon maharbi daga nan yake tasowa: ya ɗauki dabarar tudu ya shiga ruwa da ita.

KAYAN AIKI

Takardu. A Amurka kana buƙatar lasisin farauta na jiha, da rajistar HIP ta masu farautar tsuntsaye masu ƙaura, da tambarin tarayya da ake kira Duck Stamp, wanda kuɗinsa dala 25 ne, kuma ya wajaba a kan duk wanda ya kai shekara 16. Yawancin jihohi ba sa ba sabon shiga lasisi sai ya yi kwas ɗin koyon farauta. A Kanada akwai izinin tarayya na tsuntsaye masu ƙaura, a haɗa da lasisin lardi. Mai zaune a Amurka da bizar karatu ko ta ziyara ya lura: dokar tarayya ta hana shi riƙe bindiga sai da togaciya, kuma lasisin farauta mai aiki na cikin togaciyar. Lasisi ne farko, bindiga daga baya.

Bindiga. Mai watsa ƙwaya, lamba 12. Doka ba ta yarda da wadda ta fi lamba 10 girma ba (a bindiga, ƙaramar lamba ita ce mai babban baki), ba ta kuma yarda ta ɗauki fiye da harsashi uku ba, don haka a duba toshin da ke cikin ma'ajin harsashi yana nan.

Harsashi. Ban da dalma. An hana harbin tsuntsayen ruwa da ita a duk faɗin Amurka tun 1991, a Kanada tun 1999, saboda tsuntsu kan haɗiye ƙwayar da ta faɗi a laka a zaton tsakuwa ce, gubar ta kashe shi. Ko harsashin dalma guda aka samu a aljihunka a filin farauta, laifi ne. Sayi na ƙarfe mai tsawon inci 3: manyan ƙwaya masu alamar BB ko BBB ga dinyar Kanada, lamba 1 ko 2, waɗanda ba su kai su girma ba, ga mai farin goshi da fara. Maƙurar bakin bindiga ta zama matsakaiciya. Manyan ƙwayoyin ƙarfe ba sa matsuwa kamar dalma, in ka tura su ta maƙura mafi ƙunci wadda ba a yi don ƙarfe ba, bakin bindigar na iya kumbura.

Dinyar roba, wato 'yan roba da ake jerawa don dinyar gaske ta gani ta sauka. Ga tudu akwai mai cikakken jiki da ake tsayarwa a kan sanda, akwai ta falle wadda hoto ne kawai a kan allo siriri, akwai ta jaka da iska ke hurawa ta yi motsi. Ga ruwa akwai mai iyo, kowace da igiya mai tsawon ƙafa 3 zuwa 4 da ɗan ƙarfen nauyi a ƙarshe. In kuɗi bai kai ba, ta falle ce mafita: dozin biyar na shiga jaka guda, mutum ɗaya ya saɓa.

Sauran kaya. Maɓoyar kwance mai murfi biyu ga tudu. Wandon roba mai haɗe da takalmi har ƙirji, da ɗamararsa, ga ruwa. Mabusar kira, baƙar tuta mai siffar fiffike, tabaran hangen nesa, fitilar goshi, manjagara, ƙaramin shebur, kwale-kwalen roba na jan kaya a laka, wuƙa mai kaifi, safar hannu ta roba, da abin toshe kunne.

MATAKI NA 1: BI TSUNTSU KA SAN GONARSA

Wannan ne rabin aikin, kuma a mota ake yin sa. Kwana ɗaya ko biyu kafin farauta, tsaya nesa da tafkin da suke kwana kamar awa biyu kafin faɗuwar rana, ka bi garken da ya tashi har inda ya sauka. Kada ka wadatu da sanin gonar. Gonakin masara da alkama da wake a jihar Dakota ta Arewa ko lardin Saskatchewan na Kanada manya ne ƙwarai, kuskuren yadi ɗari ya isa ka wuni kana kallon dinya na sauka inda harsashinka ba ya kaiwa. Ka jira su tashi da kansu da magariba, sannan ka taka ka nemo wurin da ɗanyen kashi da gashi suka fi yawa, ka sa alama a waya. Gonar da suka ci sau biyu a jere, yamma da safe, ita ce abar dogaro.

A gonar ruwa lokacin leƙe daban ne. Je tsakanin ƙarfe 9 da azahar, ka ga inda suke komawa bayan sun ƙoshi. Ka auna zurfin ruwan da sanda. Dinya ta fi son ruwan da za ta tsaya da ƙafarta, inci 2 zuwa 6, musamman inda kututturen shinkafa ko ɗan tudun laka ya leƙo. A yankin Stuttgart na Arkansas manoma kan tare ruwa a fangalan shinkafa bayan girbi don kara ya ruɓe, sai ka ga fangali goma a jere amma guda ɗaya tsuntsu ke so, galibi mafi ƙarancin ruwa.

Gargaɗi: ruwan da suka kwana a cikinsa ba wurin farauta ba ne. In ka iske su a kai kafin gari ya waye, makwancinsu ne. Harbi ɗaya a nan ya isa su bar yankin gaba ɗaya, ka ɓata wa kanka da duk maharban kewaye.

Yanayi ma na sauya jadawali. In sanyi ya tsananta ƙasa ta daskare, sukan zauna a ruwa har rana ta take, su ci sau ɗaya da rana. A daren farin wata kuma sukan yi kiwo da dare, safiya ta zo ba su da yunwa.

MATAKI NA 2: IZINI DA HALACCIN GONA

Zuwa da kai ya fi aike. Ka ga mai gona ido da ido, ka tambaye shi abu uku: ko mota za ta iya shiga, ko za a iya ɗan haƙa, da kuma abin da aka yi wa gonar bayan girbi. Tambayar ƙarshe ce ke raba ka da tara. Doka ta yarda a yi farauta a gonar da aka girbe yadda aka saba, da amfanin gonar da ke tsaye, da wanda ke tsaye aka sakar masa ruwa. Ba ta yarda da gonar da aka watsa hatsi don jan tsuntsu ba, ko wadda aka sassabe amfaninta ko aka tattake shi ba tare da an girbe ba. Ko an kwashe hatsin da aka watsa, gonar na nan a haramce har kwana 10 bayan kwashewa. In ka ga tulin masara a wuri guda inda babbar mota ta zubar, ka nemi wata gonar.

Mota a jiƙaƙƙiyar gona na barin kwari da zai dami mai gona har bazara. In ƙasa ta yi laushi, ajiye ta a bakin hanya ka ja kaya da hannu.

MATAKI NA 3: GWADA BINDIGA A TAKARDA

Kafa babban kwali a yadi 40, ka harba da harsashin da za ka yi aiki da shi, ka zana da'ira mai faɗin inci 30 inda ƙwayoyi suka fi taruwa, ka ƙirga. Harsashin BB na inci 3 na ɗauke da ƙwaya kusan 90. In aƙalla 55 suka shiga da'irar ba tare da manyan giɓi ba, ya yi. In ba su kai ba, sauya maƙura ko harsashi, ko ka rage nisan harbinka zuwa yadi 30.

MATAKI NA 4: ISKA DA RANA

Dinya tana sauka ne tana fuskantar iska, kamar jirgin sama. Saboda haka ka zauna iska na bugun ƙeyarka, tsuntsu zai taho ta gabanka. In hakan zai sa rana ta fito a idonka, juya ka zauna iska na zuwa ta kafaɗa, tsuntsu ya gitta ta gabanka. Wannan zaman ma yana da wani amfani, idon dinyar na kan 'yan roba, ba ya kanka.

A tudu kana da 'yancin juyawa duk inda iska ta juya. A ruwa jinga ce ke yanke hukunci, domin nan ne kaɗai wurin zama. Tun daren jiya ka duba hasashen iska ka zaɓi jingar da ta dace. In iska ta zo maka ta fuska kuma babu wata jingar, jera 'yan roba a gabanka kamar yadi 20, dinya za ta taho ta bayanka ta bi ta kanka ƙasa-ƙasa kafin ta kai gare su.

MATAKI NA 5: ƁUYA

Maharban ƙasar Hausa da ke ɗaura kan burtu su rarrafa cikin ciyawa sun daɗe da sanin cewa abin farauta ba ya tsoron abin da ya saba gani. Nan ma haka ne, sai dai mai kallon yana sama, yana ganin inuwa da ƙyalli da duk abin da ya yi kusurwa huɗu.

A busasshiyar gona. Sabuwar maɓoya tana sheƙi. Kwaɓa laka ka shafe ta tas, ka bari ta bushe, ka kakkaɓe. A gona, tara kara da manjagara daga gonar da kake ciki, kada ka kawo na wata, domin launin karan alkama a gonar masara tambari ne. Ka taro shi daga nesa, yadi 60 ko fiye, saboda inda aka share yakan bar baƙin tabo da ake hangowa daga sama. Cusa karan a duk madaurin maɓoyar har ba ka ganin yadin, sannan ka cike tsakanin maɓoya da maɓoya su zama tudu ɗaya mai gangare. In mai gona ya yarda, haƙa inci 3 zuwa 4 ka zaunar da maɓoyar, ka mayar da ƙasar in an tashi. Wannan aiki kan ci minti 40 ga kowace maɓoya, kuma ya fi jera 'yan roba muhimmanci. In lokaci ya ƙure, rage 'yan roba, kada ka rage kara.

In babu maɓoya, buhun algarara mai launin ƙasa da ɗan abin jingina baya sun isa, a rufe fuska da hannu. In gonar ta yi ƙwal babu kara, kamar gonar wake da aka girbe, koma bakin shinge ko kwalbati mai ciyawa ka jawo 'yan roba kusa da kai. Masu neman farar dinya kuwa fararen kaya kawai suke sawa su kwanta a tsakiyar 'yan roba.

A gonar ruwa. Maɓoyar kwance ba ta jure ruwan da ya wuce inci 2, sai in an ɗora ta cikin kwale-kwalen roba, in ba haka ba kafin hantsi bayanka ya jiƙe, sanyi ya kore ka. A Arkansas da yawan gonaki na da ramin ƙarfe da aka binne a cikin jinga, in ka samu irinsa sai gyaran ciyawar murfi. In babu, kafa shingen waya mai tsayin ƙirjin mutum a zaune, gaba da baya, ka lulluɓe shi da ciyawar jingar, ka karkato samansa ciki don kada a ga baƙin rami daga sama. Ka shimfiɗa ciyawar ta zarce shingen hagu da dama, ta bi tsayin ciyawar da ke wurin. Abin da ke tona asiri a ruwa shi ne hanyar da kuka bi: laka da aka tattake ta yi baƙi, da ruwan da ya gurɓace kewaye da maɓoya kaɗai. Ku shiga ta hanya ɗaya, ta baya.

MATAKI NA 6: JERA 'YAN ROBA

A tudu. Ga dinyar Kanada dozin 3 zuwa 6 sun isa a yawancin ranaku. Jera su kamar kofaton doki, buɗaɗɗen bakin na kallon inda iska ke tafiya, maɓoya a gindin lanƙwasar. Filin da ka bari a tsakiya shi ne masauki, faɗinsa kamar yadi 15, nisansa daga maɓoya yadi 15 zuwa 20. Cikin kowace biyar, huɗu su zama masu sunkuye suna ci, ɗaya mai ɗaga kai. Garken da kowa ya ɗaga kai garke ne da ya tsorata. Ka rarraba su iyali-iyali, huɗu zuwa bakwai, da taki biyu ko uku tsakanin kowace, kada su yi sahu, kada kuma duk su kalli gefe guda. In ta falle ce, juya su fuska daban-daban, domin tsuntsun da ke kewayawa ya riƙa ganin wasu na ɓacewa wasu na bayyana, abin ya yi masa kama da motsi. Ta ƙarshe a kowane hannu ka kafa ta a yadi 35, ta zama ma'auninka. Farar dinya lissafinta daban ne, sai da ta jaka 500 zuwa 1,000, aikin taron mutane ne.

In daren ya yi sanyi sararin sama kuma garau, raɓa kan daskare a bayan 'yan roba gab da asuba, rana na fitowa su hau ƙyalli kamar kwano. A irin wannan rana fara da maɓoya, ka bar 'yan roba a jaka sai saura minti 30 a fara harbi.

A ruwa. Ba a buƙatar yawa, dozin 2 zuwa 3 sun wadatar, musamman ga mai farin goshi. Inda ruwa bai wuce inci 6 ba, kafa masu cikakken jiki a kan sanda, cikinsu ya ɗan taɓa ruwa ko ya kusa. Mai iyo a irin wannan zurfi takan dafe laka ta karkace, kuma dinyar da ta kwanta a gefe ɗaya gawa ce a idon 'yar uwarta. Masu iyo sai inda ya kai inci 10. Tunda hutawa ta kawo su, yawaita masu kwantar da kai da masu barci, ka ɗora biyar ko shida a kan jinga ko tudun laka, nesa kaɗan da maɓoya. Masauki a ruwa ya fi na tudu faɗi, yadi 20, domin dinya na zamewa a kan ruwa in ta sauka.

Ruwan da ya kwanta lumui kamar madubi shi ne babban abokin gaba. Garke mai rai ba ya barin ruwa ya natsu. Maganinsa igiyar ja: kafa turke a can gaba, ɗaura masa robar taya mai miƙewa, ka haɗa da doguwar igiya har maɓoya, ka ɗaura masu iyo uku ko huɗu a jikinta. Kana ja kana saki, ruwa na rawa. Ka kuma zagaya cikin 'yan roba kana tattaka laka, ruwan ya yi duhu kamar an yi kiwo a ciki. Agwagwar roba mai fiffiken batir tana jan agwagwa amma takan kori dinya, kashe ta da zarar ka ji kukansu. In ruwa ya daskare, fasa ƙanƙarar manyan falle ka tura su ƙarƙashin sauran. Ƙananan gutsattsari na ƙyalli, su kuma sake daskarewa nan da nan.

A Amurka lokacin harbi na farawa minti 30 kafin fitowar rana, ya ƙare da faɗuwarta, sai dai wasu jihohi na rufewa da wuri. Ka isa gonar tudu awa biyu kafin lokacin ya fara, ka ware lokacin sallar asuba cikin lissafin, ka kai mota aƙalla rabin mil.

MATAKI NA 7: TUTA DA KIRA

Tuta ta nesa ce. Garke na can kamar zare a sama, ɗaga ta ka kaɗa, ka sauke ta ƙasa kamar tsuntsun da ke sauka. Da sun juyo sun kai yadi 150, ajiye ta. A tudu kira na da ƙarfi da sauri, domin garken da ke ci yana hayaniya yana faɗa a kan abinci. A ruwa sassauta, sauti na tafiya nesa a kan ruwa, kuma masu hutawa ba sa ihu. Mai farin goshi kukanta siriri ne mai gaɓa biyu ko uku, mabusarta daban ce, kuma ita amsa take so: ta yi, ka mayar mata. In suna tahowa kai tsaye, yi shiru. In sun juya baya, nan ne za ka ƙara murya. Wanda bai iya ba ya bar mabusar a aljihu, da muguwar rawa gara ƙin tashi. A Amurka na'urar kira mai lasifika haramun ce a lokacin farauta na yau da kullum. An halatta ta ne a lokaci na musamman da aka buɗe tun 1999 don rage yawan farar dinya.

MATAKI NA 8: HARBI

Mutum ɗaya ne ke ba da umarni, kowa kuma na da rabonsa na sama: na hagu ya ɗauki tsuntsayen hagu, na dama na dama, ba mai gitta bindiga ta kan ɗan uwansa. A maɓoyar kwance bakin bindiga na kallon wajen ƙafa, ya zarce takalmi, makulli a rufe har sai ka tashi zaune.

Girman dinya na ruɗin ido, tana yadi 60 ka rantse tana 30. Jira ta sauke ƙafafu ta banƙare fiffike a kan masauki, ka ga farin kuncinta sarai. Zaɓi guda ɗaya. Manta da jikin, ka bi kai da wuya, ka wuce baki kaɗan, ka danna bindiga na ci gaba da tafiya. Mai harbin tsakiyar garke ba ya samun komai sai raunata tsuntsu. Ka ambaci sunan Allah yayin harbi.

A ruwa akwai haɗari biyu da babu su a tudu. In bakin bindiga ya taɓa laka, cire harsashi ka leƙa ciki kafin ka sake harbi, toshewar da ba ta kai kan yatsa ba tana fasa bindiga. Ɗan salatif a bakin yana hana laka shiga, ba ya kuma hana harbi. Na biyu, ƙwayar ƙarfe na tsalle a kan ruwa da ƙanƙara, don haka ba a harbin wanda ya faɗi alhali mutum ko kare na gaba. Ɗamarar wandon roba kuma a ɗaure take koyaushe, domin gefen fangali akwai lambatu mai zurfi da ba a gani cikin duhu.

MATAKI NA 9: ƊAUKOWA DA YANKA

A tudu, bi garken da ido bayan harbi. Wadda ƙwaya ta shiga huhunta takan yi tafiyar yadi 300 ko fiye sannan ta faɗo. Wadda ta faɗi da rai kuma gudu take yi, ka je mata nan take, ka kama wuya ta baya ka danne fiffike, dukansa na da zafi. A ruwa, in ta faɗi kai a ɗage, sake harbin kan tun tana kusa da ƙananan ƙwayoyi, lamba 4 na ƙarfe, kafin ta shige ciyawa.

Wadda ka iske da rai yanka ta wajaba, dokar ƙasar ma ta ce a kashe wadda aka raunata nan take a lissafa ta cikin adadin ranar. Gonar ruwa na da ƙarin hukunci: a hadisin Adiyyu ɗan Hatim an hana cin abin farautar da aka iske ya nutse a ruwa, tunda ba a san ko ruwan ne ya kashe shi ko makamin ba. Malamai sun bambanta tsakanin wanda harbi ya riga ya gama da shi da wanda ruwa ya ƙarasa. A aikace, kada ka bar tsuntsu kwance a ruwa kana jiran garke na gaba. Wajen yanka kada ka cire kan gaba ɗaya, ko kuma ka bar fiffike guda da gashinsa, domin doka na son a iya gane irin tsuntsun har ka isa gida. Adadin da aka yarda a rana ya bambanta daga jiha zuwa jiha da iri zuwa iri, yana kuma sauyawa duk shekara, ka karanta littafin dokar bana.

MATAKI NA 10: IN SUN ƘI SAUKA

Garke biyu suka yi abu iri ɗaya, tashi ka gyara, kada ka jira na uku. In sun taho sai a yadi 80 suka yi sama a firgice, sun ga wani abu: taka zuwa inda suka juya ka waiwayo, galibi fuska ce a buɗe, ko kwanson harsashi a ƙasa, ko kara ya zube daga murfi. In suna sauka can gaba kafin su iso, masaukin ya yi ƙunci ko hannayen kofaton sun yi tsawo, buɗe shi ka janyo na nesa. In suna wucewa ta kanka su sauka a baya, kwashe na bayan ka mayar gaba. In suna zamewa gefe guda, iska ta juya, juya maɓoya. A ruwa, in suna kewayawa sau huɗu biyar ba sa yanke shawara, ko ruwan ya mutu ne, ko jingar suke tsoro. Ja igiya, in bai yi ba matsar da 'yan roba yadi 10 daga jinga. Ƙarshen lokacin farauta, bayan sun sha harbi tun daga Kanada, dozin ɗaya da aka baza sosai kan fi dozin shida aiki.

MATAKI NA 11: NAMA DA KAYA

Gashin dinya na riƙe zafi, in ka tula su a bayan mota naman zai yi wari ko ana sanyi. Jera su ɗaya-ɗaya ƙirji sama, ka cire kayan ciki da wuri, musamman wadda ta jiƙe da ruwan laka. Murar tsuntsaye ta H5N1 ta yaɗu cikin dinyar daji a Amurka da Kanada tun ƙarshen 2021, saboda haka sa safar roba wajen fiɗa, kada ka taɓa wadda ka tsinta a mace ko tana layi, ka dafa naman har cikinsa ya kai digiri 74 a ma'aunin Salsiyos. Bi kowane ramin ƙwaya da tsinin wuƙa ka zaƙulo ta, ƙarfe na fasa haƙori. Ƙirjin na yin kilishi da tsire, cinya kuwa tauri gare ta, sai farfesu a wuta kaɗan-kaɗan na awa uku.

Bindigar da ta shiga gonar ruwa a kwance ta a ranar, a goge, a shafa mai har cikin zaren maƙura, in ba haka ba tsatsa za ta liƙe ta. Harsashin ƙarfen da ya jiƙe a ware shi, ƙwayoyinsa kan yi tsatsa su manne su fita a dunƙule. Wandon roba a juya cikinsa waje a rataye shi ta takalmi, nesa da na'urar ɗumama ɗaki.